Yadda ake kafa ɗakin katako a gona ko garka maimakon tanti, da yadda ake zama a cikinsa

Tun da aka fara haramar aikin rani ake ta yi mini tambaya iri ɗaya. Mai garka a Mirya ya yi, mai gona a hanyar Matamaye ya yi, har da wasu samari na Birni da ke son wurin fita shan iska in mako ya ƙare. Kowa ya gaji da tanti. Rana ta cinye shi, iska ta yage shi, turakunsa ba sa kama yashi, kuma duk abin da ke jan ciki yana iya iske ka a kan tabarma. Abin da suke son sani shi ne: ɗan ƙaramin ɗakin katako da ake iya kwancewa a ɗauke, yaya ake yin sa, me yake ci, kuma zai jure yanayin Damagaram?

Zai jure, amma da sharaɗi. Maƙiyansa uku ne a ƙasar nan: gara, iskar hadari, da zafin kwano. Gara ce babba a cikinsu, shi ya sa za ka ga na fi daɗewa a kan duk abin da ya shafi raba katako da ƙasa.

1. Ka tabbata shi kake bukata

In zamanka bai wuce mako biyu ba, ko kana sauya wuri, ka riƙe tantinka. In filin naka ne na gado, ga ruwa kusa, kuma ba ka da niyyar tashi, ɗakin ƙasa ya fi komai sanyi da araha. Bukkar kara da zana ma ba abin rainawa ba ce, sai dai ba ta kulluwa, wuta ba ta yi mata da sauƙi, kuma kusan kowace shekara sai an sabunta. Ɗakin katako na mai kwana wata biyu zuwa biyar ne a wuri ɗaya, mai ajiye kaya, wanda wataƙila baɗi ya koma wani filin.

2. Izinin wuri

Kafin ka sayi ko ƙusa ɗaya, ka je wurin mai filin da mai gari. In aro ne ko haya ko jingina, ka faɗa a gaban shaidu: "Ranka ya daɗe, ɗaki ne na katako, ba gini ba ne. Ranar da na tashi, da shi zan tashi." Wannan maganar tana kashe rigimar da kan taso in mai fili ya fara zargin ana son kafa masa gida a gona. In da hali a rubuta a wurin hukumar filaye da ake kira Kofo, wadda ke da rassa har a ƙauyuka da yawa.

Hattara: kada ka kafa a kan burtali ko a bakin hanyar mashaya. In hukuma ta sanar da ranar sakin gonaki, dabbobi za su bi hanyarsu, kuma ba ka da bakin magana.

Hattara kuma: kada ka ce za ka sari gawo ko giginya don samun ginshiƙi. Dokar daji ta 2004 tana nan, ma'aikatan gandun daji ma suna nan, tara kuwa tana iya fin kuɗin katakon da ka guje wa saye.

3. Zaɓen gurbi

Ka je wurin da ƙafarka, ka duba ƙasa da kyau. Abin da ake nema shi ne ɗan tudu mai tauri wanda ruwa ke gangarewa ya bar shi, ba kwari ba, ba kuma ƙololuwar tudun da ya fi ko'ina tsawo ba, saboda tsawa. Ruwan Zinder bai da yawa, wajen milimita 400 ne a shekara, amma yawancinsa a Yuli da Agusta yake zuba, wani lokaci a yini ɗaya ya cika kwarin da ka gani busasshe ƙayau a watan Maris. Ka tambayi dattijon da ke noma kusa inda ruwa ke kwanciya. Ya fi ka sani.

Ka zagaya taku talatin ta kowane gefe kana neman suri, da tsohon kututture, da karan da gara ta yi wa rufin ƙasa. In ka ɗaga busasshen kara ka ga cikinsa ya zama ƙasa, to suna nan da yawa, ka matsa.

Maganar inuwa: gawo yana ruɗin mutane. Da rani yana da ganye, da damina ya kakkaɓe, ga ƙaya, ga reshe mai karyewa, ga awaki da shanu da ke taruwa ƙarƙashinsa neman 'ya'yansa. Ka kafa ɗakin inda inuwar itace za ta faɗo masa da la'asar, wato itacen yana yamma da kai, amma ba a ƙarƙashin rassa ba.

Ƙofa ta dubi yamma ko kudu. Hadari daga gabas yake taso mana, hunturu kuma daga arewa maso gabas. Masu ginin gargajiya ba a banza suke juya wa gabas baya ba.

4. Awo da lissafin kaya

Ka bi awon kayan da ke kasuwa, ka huta da yanka da asara. Fallen filawud santimita 122 ne da 244. Katakon da ake kawowa daga kudu galibi ƙafa 12 ne, kusan santimita 366. Saboda haka ɗaki mai faɗin 244 da tsawon 366 zai ci falle uku daidai a daɓe, kuma mutum uku za su kwana a sake da kayansu. In kai kaɗai ne ko ku biyu, 244 da 244 ya isa.

Ga abin da babban ke ci, in bangon gaba ya kai santimita 240, na baya 190:

Bulon siminti 24, na ƙafafu 12. Katako mai kaurin santimita 5 da 10, wanda 'yan katako ke kira tubaifo, guda 15: uku na shimfiɗar ƙasa, bakwai na gicciye, biyar na rufi. Katako mai ƙaramin kauri na ƙashin bango da na ɗaurin kwano, wajen 35. Filawud mai kaurin milimita 18, falle uku. Falanki na rufe bango, wajen 25 in mai faɗin santimita 30 ne, domin kowanne murabba'in mita ɗaya yake rufewa in an ɗora shi kan ɗan'uwansa. Kwano falle 12, da ɗaya ko biyu na ko-ta-kwana. Sai ƙusoshi manya da ƙanana, ƙusar kwano mai hula, ƙusoshi masu noti na haɗa bango, waya mai kauri, rodi, ragar sauro, pata, kwaɗo, maganin gara, da zana uku ko huɗu.

Kayan aiki: zarto, guduma, abin awo, igiya, shebur, diga, almakashin kwano, abin huda katako, da siririn tiyo mai nuna ciki, tsawon mita biyar ko shida. Za ka ga amfaninsa a mataki na bakwai.

5. Sayayya da kuɗi

Farashin katako da kwano a nan yana bin canjin naira da kuɗin mota daga Kano, don haka abin da aka faɗa maka wancan watan ba lallai ya tsaya ba. Ka ɗauki takardar lissafinka ka zagaya wurin mutum uku a kasuwar Dole da wajen masu kayan gini, ka rubuta abin da kowa ya ce, sannan ka ninka. A misali, in an ce maka fallen kwano jika uku, to 12 jika 36 ke nan. Haka za ka bi layi-layi. A kan jimillar ka ƙara kashi ɗaya cikin goma, domin ƙusa kan ƙare, katako kan tsage, mai amalanke kan ƙara kuɗi in ya ga yashin hanya.

Falankin bango shi ne ke cin kaso mafi girma. In aljihu bai kai ba, a nan ake ragewa, ba a ƙafafu ko rufi ba. Ka rufe bangon gabas duka da falanki, sauran ukun ka kai falanki iya ƙugu, daga nan zuwa sama ka ɗaura zana mai kauri a jikin ƙashin katakon. Ɗakin ma ya fi shan iska a haka. Illarsa ɗaya: mai wuƙa yana iya shiga, don haka bai dace da mai ajiye injin ban ruwa ba.

Wurin zaɓen katako kada ka aika yaro. Ka ɗaga kowanne ka sa ido ta tsawonsa, in ya karkace ka ajiye. Ka auna, domin abin da ake kira ƙafa 12 sau da yawa bai cika ba. Mai nauyi da sanyi a hannu ɗanye ne, zai bushe a jikin ɗakinka ya bar maka kafofin da yatsa ke shiga. Mai ƙananan huji da gari na zuba kuwa ƙwaro ya riga ka. Farin katako mara nauyi ya fi araha, gara ma ta fi son sa. A shimfiɗar ƙasa dai ka sa ja mai tauri, ko azara in ka samu ta halal a kasuwa, domin gara ba ta cika iya mata ba. Araha ba ta ado.

Da kafinta ku yi jinga, ba kuɗin yini ba, kuma ku raba biya uku: kafin aiki, bayan an tayar da bango, bayan an gama rufi ka duba. Ka gaya masa tun farko, "Malam, bango-bango nake so, a haɗa da noti, ba a kafe da ƙusa ba." In ba ka faɗa ba zai yi maka irin na shago, ranar tashi sai dai a ɓaɓɓalle.

6. Shafa magani

Wannan a gida ake yi, kafin a kai kaya daji, kuma bayan an gama yanka. Dalili shi ne bakin da zarto ya yanka ta nan katako ya fi shan ruwa, ta nan kuma ƙwaro ya fi shiga. Ka jera katakon a kan bulo, ka shafa maganin katako irin su Solignum sau biyu, ka bar kwana ɗaya a tsakani. Bakunan kuwa ka tsoma su cikin gwangwani su sha. Ka sa safar hannu, ka rufe hanci, ka kori yara.

Mutane da yawa baƙin mai suke shafawa, wanda aka juye daga mota. Yana taimakawa, amma iyakarsa katakon ƙarƙashin daɓe. Kada ya shiga cikin ɗaki: da zafin Afrilu warinsa ba ya barin barci, yana ɓata tufa, yana kuma ƙara wa wuta ƙarfi. Kada a zubar da ragowarsa a garka ko kusa da rijiya.

Ka bar kayan su sha iska kwana uku zuwa huɗu kafin a ɗauka. Kuma ka sani, magani jinkirta gara yake yi. Abin da ke hana ta shi ne mataki na gaba.

7. Ƙafafu

Share wurin tas, har saiwa da kara. Kafa turaku huɗu ka ja igiya, 244 da 366. Don ka san kusurwa ta miƙe, auna santimita 60 a igiya ɗaya, 80 a ɗayar, tsakaninsu ya ba ka 100 cif. Sannan ka auna daga kusurwa zuwa kishiyarta ta ɓangarorin biyu, su zo daidai. In ka yi sakaci a nan, filawud ba zai zauna ba, ƙofa ba za ta rufu ba, kwano ma zai fito a karkace.

Ƙafafu 12 ne: layi uku, kowane layi huɗu, tsakanin kowace biyu santimita 122. A kowane gurbi ka haƙa rami mai zurfin kamu ɗaya da ɗan ƙari, ka zuba tsakuwa, ka yayyafa ruwa, ka daddaɓe sosai. Damagaram ba ta rasa dutse ba, in ka samu fale-falen dutse ka shimfiɗa a kai, ko ka zuba ɗan kankare. Sannan ka ɗora bulo biyu, ka cike ramukansu da siminti. In ka bar su a buɗe, gara za ta hau ta ciki inda ido ba ya gani. Tsawon ƙafa ya kai santimita 40 daga ƙasa, yadda za ka iya durƙusawa ka haska fitila ka ga ko'ina.

Yanzu tiyo. Cika shi da ruwa, ka ɗiga ɗan zoɓo don ya nuna, ka fitar da kumfar iska duka. Mutum ɗaya ya riƙe baki ɗaya a jikin ƙafar farko, ya daidaita ruwan da saman bulo. Kai kuma ka kai ɗaya bakin ƙafa ta biyu, ka jira ruwan ya daina rawa. Inda ya tsaya, nan saman bulonka zai tsaya. In bulo ya yi ƙasa ka ƙara siminti, in ya yi sama ka rage tsakuwa. Ka bi sauran duka, kullum kana komawa ga ta farko. Aikin awa ɗaya ne, amma shi ke hana daɓe yin ƙara da lotsawa.

A kan kowace ƙafa ka kifa guntun kwano da ya zarce bulon da santimita biyar ta kowane gefe, ka lanƙwasa bakinsa ƙasa kamar hular kwano. Ba ya kashe gara. Abin da yake yi shi ne tilasta mata ta fito fili ta gina hanyarta a inda za ka gani ka rushe.

Hattara: ɗakin da aka ɗora a kan bulo ba a kafe yake ba, iska tana iya tura shi ko ta kifar. A kusurwa huɗu ka haƙa rami mai zurfin santimita 60 zuwa 70, ka ɗaure rodi a jikin babban dutse ka binne, ka fito da bakinsa sama a ɗaure shi da katakon shimfiɗa. Da ƙarfe ake wannan. Turken itace gada ce ka gina wa gara.

8. Daɓe da bango

Shimfiɗa manyan katako uku a kan layukan ƙafafu. Gicciya bakwai a kansu, tsakani santimita 61, yadda bakin kowane filawud zai faɗa a tsakiyar katako. Buga filawud. Ragowar guntayen da suka fita daga gicciye kada a yar, su ne na tokare kusurwa da na ƙofa.

Bango a ƙasa ake haɗa shi a kwance, sannan a tayar. Kowane yanki kada ya wuce abin da mutum biyu za su ɗauka, don haka dogayen bangon nan biyu a raba su gida biyu-biyu. Kowane yanki ya samu katako ɗaya da aka gicciya daga kusurwar sama zuwa ta ƙasa. Kafintoci kan tsallake wannan don sauri, ɗakin kuwa in babu shi, iska biyu za ta kwantar da shi gefe.

Falanki daga ƙasa ake fara bugawa, na sama ya hau kan na ƙasa da santimita biyu zuwa uku, ruwa ya gangara ta waje. Na ƙarshen ƙasa ya sauko ya rufe bakin filawud, amma kada ya kusanci ƙasa. Filawud a bangon waje ba na ba da shawara, damina ɗaya yake fara ɓarewa.

9. Rufi

Gangare ɗaya ne: gefe mai tsawo a yamma wajen ƙofa, gajere a gabas. Haka iskar hadari za ta hau ta wuce, maimakon ta shiga ƙarƙashin baki ta ɗaga. Katakon rufi biyar, kowanne wajen santimita 310, yadda zai zarce bango da 30 gaba da baya. A gefuna ma a bar 30. Wannan zarcewar ita ke kare bango daga ruwa da rana.

Kowane katakon rufi, bayan ƙusa, a naɗe shi da waya mai kauri a ɗaure da ƙashin bango. Ƙusa kaɗai zarewa take yi in iska ta ja sama. Yawancin rufin da muke gani a yashe a gonaki bayan hadarin farko na watan Yuni, da katakonsa yake tashi gaba ɗaya, ba kwanon ne ya yage ba.

Kwano jeri biyu ne, shida-shida, in kowane falle yana rufe santimita 75 bayan an ɗora. Ka auna wanda ka saya, domin ba duka ne awonsu ɗaya ba. A fara da jerin ƙasa, na gabas, jerin sama ya hau kansa da santimita 20. Kada kafinta ya rage wannan, saboda ruwanmu da iska yake zuwa, yana iya hawa gangare ya shiga ta mahaɗa. Ƙusa a kan tudun kwano ake bugawa, ba cikin kwarinsa ba, kuma a bakin rufi ta kowane gefe a ninka yawanta.

Saura zafi. A Afrilu da Mayu, lokacin da ma'aunin zafi ke wuce digiri 40, kwano tsirara ba ya shiguwa da rana. Magani biyu ne, kuma in ka haɗa su ya fi. Na farko, daga ciki ka ɗaura tabarma ko zana a ƙarƙashin katakon rufi, ka bar iska tsakaninta da kwano. Na biyu, daga waje ka ɗora sanduna a kan rufi, ka shimfiɗa zana a kansu, ka ɗaure da waya, ta yi wa kwanon inuwa. Kada zanar ta kwanta a jikin kwano kai tsaye, tana riƙe laima ta sa tsatsa. In damina ta kama ka sauke ta waje, iska na iya yin gaba da ita. Tsakanin saman bango da kwano kuma ka bar kafa mai faɗin tafin hannu, ka rufe da raga, zafi ya riƙa fita ta nan.

10. Ƙofa da taga

Taga biyu masu kallon juna, kudu da arewa, kowace da raga da murfin katako. Ta arewa za ka rufe in hunturu ya taso da ƙura. Ƙofa ta buɗe waje, a sa sakata ta ciki, a ɗaure pata da noti yadda ba a kwance ta daga waje. Ƙasan ƙofa kada ya bar kafar da ɗan yatsa zai shiga. Matakala ta zama dutse ko bulo, kuma a bar tazarar yatsa uku tsakaninta da katako.

Fenti fari ko mai haske, shafi biyu, a waje kawai.

11. Kewayen ɗaki

Share ciyawa da kara taku biyar ta kowane gefe, ka riƙa maimaitawa. Wannan shi ne katangarka da wutar daji, kuma maciji ba ya son ratsa fili. Madafa ta yi nisan taku goma, a yamma ko kudu da ɗaki, yadda iskar hunturu za ta kwashe tartsatsi ta yi gaba da shi. Masai ya yi nisan aƙalla mita 30 daga rijiya, kuma a gangare da ita. A wurare irin Gidimuni da ruwa ke kusa da sama, kada a zurfafa ramin.

Randa da wurin alwala a nesa da ƙafafun ɗaki. Laima ita ke kiran gara, kuma ɗigon randa na wata ɗaya ya isa.

12. Zama a ciki

Daren farko ka isa da sauran rana. Ka haska ƙarƙashin daɓe, ka kakkaɓe shimfiɗa, ka rataya sange tun kafin magariba ka cusa bakinsa ƙarƙashin katifa. Ragar taga ba ta maye gurbin sange, musamman daga Agusta zuwa Oktoba da kuma duk garkar da ke da ruwa a kwance.

Ruwa ka lissafa lita 15 zuwa 20 ga kowane mutum a yini, sha da girki da wanka. Abinci a cikin gwangwani ko bokiti mai murfi. Hatsin da ya zube yana kawo ɓera, ɓera kuma maciji ke biye da shi. Takalmi a shigo da shi ciki, da safe a kakkaɓe kafin a sa ƙafa, saboda kunama. Fita da dare ba fitila, ko don fitsari ne, kada ka yi. Kububuwa ƙarama ce, launinta na ƙasa, da dare take yawo. In tsautsayi ya faɗa, kada a tsaga, kada a tsotsa, kada a ɗaure tamau. A cire zobe da agogo, a hana gaɓar motsi, a ɗauki mutum zuwa gidan likita mafi kusa nan take. Tun ranar da ka sauka ka san inda yake, ka kuma riƙe lambar mai babur ɗaya a ƙauyen, ka gwada inda waya ke kamawa.

Hattara, kuma wannan ta fi duk sauran: kada ka shiga da garwashi ka rufe ƙofa. A Disamba da Janairu sanyin daji yana sa mutum ya jawo kaskon wuta ko murhun shayi ciki. Ko a cikin tanti garwashi yana kisa, balle ɗakin katako da aka haɗa da kyau, mai riƙe iska. Gawayi yana fitar da wata iska mai guba da ba ta da wari ba ta da launi. Tana farawa da ciwon kai da jiri da tashin zuciya, mai barci kuwa ba ya ma farkawa ya ji. A sha shayi a waje, a kashe wuta a waje, a shiga da bargo biyu. In wani ya tashi da ciwon kai bayan an kwana kusa da garwashi, a fitar da kowa sarari, a nemi likita. Kyandir da fitilar kananzir ma a bar su, ƙaramar fitilar sola ta wadatar, ga cajin waya. Man injin ban ruwa a yi masa rami mai inuwa can nesa. Bokitin yashi ɗaya ya zauna a bakin ƙofa kullum.

In ana tsawa, ka nisanci wayoyin ɗauri da rodin kusurwa, kada kuma ka tsaya a bakin ƙofa kana kallo.

Kowace Juma'a, ko wata ranar da ba za ka manta ba, ka durƙusa ka zagaya ƙafafu 12 da fitila. Abin da kake nema siririn layin ƙasa ne mai kaurin tsinken tsintsiya ko fiye, yana hawa jikin bulo. Ka kankare, ka bi shi zuwa inda ya fito, ka tone, ka zuba magani. Kada ka jingina komai da bango: ƙotar fartanya, damin kara, itacen girki, tsani. Ƙarƙashin daɓe kuma ba rumbu ba ne, ko buhu ɗaya kada ya kwana a wurin. Bayan kowace babbar iska ka kwashe yashin da ya taru a gindin ƙafafu, domin in ya kai katako, duk wahalar mataki na bakwai ta tashi a banza.

13. In za ka tashi

In za ka bar shi a wurin zuwa baɗi, ka kwashe abinci da shimfiɗa, ka sauke zana, ka ƙara ɗaure wayoyi, ka bar wa wani na kusa amanar zagayen ƙafafu ko sau biyu a wata, da ɗan abin goro. Ɗakin da aka rufe wata huɗu ba mai dubawa, ana iya dawowa a tarar da fenti a tsaye, cikin katako kuwa ƙasa.

In kwancewa za ka yi, ka fara rubuta lamba da fenti a kowane yanki da inda yake haɗuwa da ɗan'uwansa. A sauke kwano tukuna, da safe kafin iska ta tashi, sannan katakon rufi, sannan bango, daɓe a ƙarshe. Notuna a zuba a gwangwani ɗaya da ɗan mai. Amalanke zai yi sawu biyu ko uku, bulo kuwa in hanya da nisa gara ka bar wa mai fili ka sayi wasu. A gida ka jera yankunan a kwance a kan bulo, ka sa guntayen katako a tsakaninsu don iska ta ratsa, ka rufe da kwanon, ka danne da dutse. Ramukan ƙusa da ke jikin kwanon ka toshe su da kwalta kafin kafawa ta gaba, ko ka sa kafinta ya bi tsofaffin hujin.